Yadda Ɓarnar Manya Ta Ceci Motar Baba

Ranar Talata tayar motata ta gaba, ta hannun dama, ta ajiye aiki ba tare da ta ba ni sanarwa ba. Fitowata ke nan daga layin mai bayan awa biyar ina tura mota taku-taku, na samu rabin tanki, ina waƙa ina dukan sitiyari kamar wanda aka yi wa albishir da kujera. Ban kai kwanar gidanmu ba sai sitiyarin ya kama rawa, ƙauri ya cika motar, tayar ta karkace ta jingina. Na sauko na tarar hayaƙi na fita daga tsakiyarta. Maƙwabcina tela ya leƙo daga shagonsa, almakashi a hannu, ya tambaye ni ko sabon salon ajiye mota ne ya shigo gari ba a gaya masa ba.

Motar nan Gimbiya ake kiranta, kuma marigayi Baba ne ya raɗa mata sunan. Ta girmi aurena, ta girmi ɗan autan gidanmu. Duk ƙarshen mako a cikinta nake kai Inna wurin ƙanwarta, kuma Inna ba ta zama ko'ina sai kujerar gaba, inda ta zauna shekara da shekaru kusa da Baba. Shi kuwa Yaya, babban wanmu, ya daɗe da yanke hukunci cewa ranar da Gimbiya ta sake yin babbar lalacewa, mai gwangwan za a kira ya yanka ta ya auna a sikeli. Inna ba ta taɓa yi masa musu ba. Takan dai juya kai ne ta kalli bango duk lokacin da ya ɗauko zancen.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Wata uku ke nan tayar tana kuka, wani gunji siriri da ke ƙaruwa in na taka wuta, ya ƙara tsananta in na sha kwana ta hagu. Inna ce ta fara ji, don idonta ne ya yi rauni, kunnenta kuwa ko allura ta faɗi sai ta gaya maka a wane ɗaki. Ta ce in kai motar a duba. Ni kuma, da yake na daɗe ina karatu a makarantar manyanmu, sai na yi abin da suke yi in talaka ya yi ƙara: na ƙara muryar rediyo. Kukan ya ƙaru, na sake ƙarawa. Cikin wata na uku sai da ni da Inna muka koma yin magana da hannu.

A rediyon ma na ji Mai Girma Uban Alkawura yana sanar da duniya cewa an kammala titin unguwarmu. Na ji jawabin ne daidai lokacin da Gimbiya ke cikin ramin da muke kira Tafkin Alkawari, ruwa har gindin ƙofa. Allah ya ja zamanin ranka ya daɗe, titin nan sau biyu ana yanka masa zare da almakashi, har da masu hoto da rumfa. Tela ya ce shi abin da ya ba shi haushi, ko ɗinkin zaren ba a kawo masa ba.

Aka ja Gimbiya zuwa garejin Mai Guduma, bakaniken da ya san ta tun zamanin Baba. Ya ɗaga ta a jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta amsa masa da ƙwal-ƙwal. Ya cire murfin tsakiya, ya zare ɗan ƙarfen da ke kulle noti, ya kwance notin. Sai ƙwayoyin boris suka zubo a ƙasa, baƙaƙe ƙirin, ko ɗigon giris babu a jikinsu. Zoben ciki kuwa zafi ya narkar da shi ya manne a jikin sandar taya, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Ya sa guduma da kurfi ya ɓamɓare shi da kyar, sai ga sandar ta yi shuɗi, duk ta zaizaye.

Ya goge hannu ya dube ni. "Da ka zo tun tana kuka, boris ne kawai da giris, kafin ka sha ruwa na gama. Yanzu boris ya ci sanda. Kuma irin wannan sandar, kamfanin ma ya manta ya taɓa yin ta."

Ya buga waya wurin masu kayan gyara har huɗu, biyu suka yi dariya, ɗaya ya yi mana ta'aziyya, na huɗun ya kashe waya. Kafin la'asar labari ya kai wa Yaya, sai ga shi ya iso da mai gwangwan a bayansa. Mutumin ya zagaya Gimbiya yana ƙwanƙwasa ƙofofi, yana auna nauyinta da ido. Ni dai ina tsaye ina tunanin da wane baki zan gaya wa Inna.

Sai mai gwangwan ya ga sandar da Mai Guduma ya kwance a ƙasa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya fashe da dariya. Ya ce irin motar nan guda goma sha ɗaya ce jere a filinsa, ya kwaso su a gwanjo daga Hukumar Nazarin Yiwuwar Fara Nazari. Ya ƙara da cewa sayar mini da sanda ya fi masa sauƙi a kan jan gawar mota, kuma mai tsohuwar mota abokin ciniki ne na har abada. Yaya ya ce shi yana da wani taro.

Jama'a, na je filin nan, kuma tun daga ranar bakina bai rufu ba. Motoci ne reras cikin ciyawa, wasu kujerunsu ko leda ba a cire ba. Ɗaya an jingine ta ne don madubin gefe ya fashe. Ɗaya makullinta ne ya ɓace. Ɗaya kuma, in ji mai gwangwan, sabon shugaba ne ya zo ya ce launinta ba ya tafiya da ofishinsa. Kowacce aka kafa mata kwamiti, kwamiti ya zauna a otal ya gano cewa sayen sabuwa ya fi. Mai Guduma ya kwance ƙafar ta farko, sai ga sanda tana walƙiya, giris ɗin kamfani bai ko canza launi ba. Ni da furfurata na taka rawa a cikin ciyawa, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Saboda haka ina janye duk maganar da na taɓa yi a wannan shafi a kan almubazzaranci. Ashe tanadi manyanmu suke yi mana. Wane shugaba ne zai ajiye wa talaka kayan gyara shekara ashirin a cikin ciyawa in ba mai hangen nesa ba? Su suka bar ramin da ya kashe boris, su kuma suka tanadi sandar, aikin bai fita daga hannu ɗaya ba.

Mai Guduma ya canza ɓangarorin biyu duka, ya ce ta hagun ma tana hanya. Ya zuba giris a tafin hannu ya dinga danna sabon boris a ciki har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya ɗaure noti yana juya tayar, sannan ya ɗan sassauta, ya ce in an matse da yawa ƙonewa take yi, in an sake kuma ta yi rawa. Ya sa sabon ƙarfen kulli ya lanƙwasa, ya buga murfi.

Ranar Asabar na ɗauko Inna, rediyo a kashe. Ta zauna a kujerarta, ta ɗora tafin hannu a gaban motar, ta karkata kai. Muka yi tafiya mai nisa babu abin da ake ji sai inji da iska.

"Haka take tafiya a hannun babanku," in ji ta. "Shi ko ƙusa ta yi motsi tsayawa yake yi."

Don murna da kunya sai da na goge ido da hannun riga. Muna dawowa muka ratsa Tafkin Alkawari, muka fito, Inna ta sake karkata kai ta ce ta baya ta hagu ta fara magana.

Wannan karon ban taɓa rediyo ba, gobe da safe ina gareji. Roƙona kawai ga masu girma, don Allah kada wani ya zuga ku ku fara tattali yanzu. Saura motoci goma a filin mai gwangwan, kuma na ji an ce za a yanka wa titinmu zare karo na uku.