Yadda Ake Yaye Ƙasa Daga Man Fetur da Bijimai Biyu

Kai da aka naɗa jami'in Shirin Yaye Ƙasa Daga Mai na shiyyar Tambuwal da Kebbe, barka da arziki. Na san takarda mai hatimi ta iso ka, tana cewa kafin ƙarshen shekara dole shiyyarka ta buɗe cibiyar tara madara, don ƙasa ta rage dogaro da fetur. Na kuma san ba ka da saniya, ba ka da firji, wutar ma sai ta ga dama. Kwantar da hankalinka. Ni na riƙe kujerar nan kafin kai, kuma na cika ƙudurin ba tare da na tatsi ko cokali ɗaya ba. Bi matakan nan yadda na bi su, na yi maka alkawarin takardar yabo.

Mataki na 1: Fara da allo

Kafin komai, a kafa allo a bakin hanya, babba, mai ƙafafun ƙarfe. A zana saniya tana murmushi. Aikin da ba shi da allo ba a yi shi ba, ko da an yi. Wanda yake da allo kuwa an gama shi, sauran duk gyare-gyare ne.

Mataki na 2: Bar baƙi su zaɓi rana

Masu dubawa daga Abuja za su zaɓi farkon damina, saboda kore yana yin kyau a hoto kuma hanya ba ta lalace ba tukuna. Kada ka gaya musu abin da kowace tsohuwa a Jabo ta sani: da an yi shuka, makiyaya sukan kora shanun tatsa can cikin daji, nesa da gonaki. Abin da ke saura a gari sai shanun huɗa, su kuwa duk maza ne.

Wannan ba matsala ba ce. Takarda ta ce shanu, ba ta ce a leƙa ƙarƙashinsu ba.

Mataki na 3: Kada ka yi aro da bakinka

Idan kai ka nemi aron shanun, za a tambaye ka ranar mayarwa. Ka bi ta hannun mai gari. A ƙauyukanmu, abin da mai gari ya ara ba a hana shi, kuma rashin kunya ne a ce yaushe zai dawo. Wannan tarbiyya ta fi maka kowace doka amfani.

A nawa zamanin, a wani ƙauye kan hanyar Kebbe, mun tara bijimai goma sha biyu. Mafi kyau su ne farare biyu na Malam Na'iya, dattijo mai gona ɗaya da iyali tara. Da su yake huɗar gyaɗarsa da dawarsa, da su yake yi wa maƙwabta huɗa a biya shi da hatsi. In ka cire su daga gidan, sai rumbu da addu'a.

Ya jawo su da kansa har gaban mai gari, ya ce, "Ranka shi daɗe, ga su. Amma ƙasa ta sha ruwa, jibi nika son shiga gona."

Mai gari ya ce, "Wuni guda na, Na'iya. Ko ba ka yarda da mu ba?"

Ya sunkuyar da kai ya saki igiya. Ka lura da wannan tambayar, ka haddace ta.

Mataki na 4: Auna zana

A kewaye shanun da zana mai tsawon ƙirjin mutum, yadda baƙo zai ga ƙaho da tozo kawai. A zuba ruwa a bakin ƙofa ya yi caɓi. Ban taɓa ganin mai farin takalmi ya ƙetare caɓi don kishin ƙasa ba.

Mataki na 5: Madara

A sayo ta gari a kasuwar Tambuwal, a dama cikin sababbin ƙore, a jera matan ƙauye a bayansu. Mu dai, Rauda matar Na'iya muka sa a gaba, don ta fi kowa tsaftar hannu. Shugabar baƙi, Hajiya Hamdiya, ta kurɓa ta lumshe ido ta ce tun tana ƙarama rabonta da madara irin wannan, daga nono zuwa baki. Ta tambayi Rauda ko sau nawa take tatsa a rana.

Rauda ta dube ni, ta dubi zanar, ta ce, "Hajiya, sai yadda Allah ya hore."

Aka tafa. An sa maganar a bangon rahoto.

Mataki na 6: Idan suka fito da abin da ba ka shirya masa ba, yi tafi

Baƙi ba sa zuwa hannu rabbana. Namu sun zo da lambobin roba masu ruwan ɗorawa da ake maƙala wa dabba a kunne. Suka ce duk saniyar da ta samu lamba ta shiga shiri, ba mai motsa ta sai an zo zagaye na biyu. Daga wajen zana aka miƙa hannu aka maƙala, tunda kunne a sama yake.

A nan ne za ka ji wani abu yana ce maka ka buɗe baki. Ni ma na ji, kuma na ji kunya ƙwarai da na hango Na'iya tsaye da igiyarsa a hannu yana jiran a watse. Kada ka damu, ba ya daɗewa. Nawa ya wuce kafin a gama rabon shinkafa.

Mataki na 7: Koya wa talaka kalmar "tsari"

Zai zo washegari. Ka ce akwai tsari. Zai dawo bayan mako, ka ce tsarin yana sama. Sauran masu shanu sun ɓalle lambobin sun kora abinsu, na rubuta cewa annoba ta ratsa. Na'iya kuwa mutumin kirki ne, ya ce abin da mai gari ya ara, daga hannun mai gari zai karɓa. Irinsu ne ginshiƙin kowane shiri.

Kullum da hantsi yana zuwa da damin harawa a ka, ya ciyar da shanunsa ta saman zana, ya koma gona da fartanya. Mutum mai shekara sittin da fartanya ba ya tsere wa ciyawar damina. Kwana arba'in aka yi, lokacin huɗa ya wuce, gonar gyaɗa ta koma makiyaya.

Mataki na 8: Kada ka tsaya a wurin ranar da mota ta zo

Zagaye na biyu babbar mota ce. Ta zo kwasar shanun shiri zuwa babbar cibiya, inda za a yi musu barbarar allura don su haifi 'yan maruƙa masu yawan nono. Ka ƙirƙiri ta'aziyya a Sakkwato. A can cibiyar za a gano abin da zana ta ɓoye, a cire su daga shiri cikin sirri don kada a kunyata kowa. Sati biyu bayan nan za a kira ka taron bita kan nasarorin shiyyoyi. Za a yi naman miya da balangu mai yawa. Ka ci, kada ka yi tambaya. Ni ban yi ba, mai dafuwar ne ya yi surutu kan inda naman ya fito.

Mataki na 9: Ƙirga nasara

Manomin da ya rasa damina ba ya zama haka, sai ya nemi abin yi. Na'iya ya kafa benci a bakin titin Dogon Daji, ya jera kwalabe yana sayar wa 'yan kabu-kabu fetur. Ka sa shi cikin rahoto a matsayin wanda shiri ya buɗe wa sabuwar sana'a. Da wannan shafin na samu takardar yabona.

Togaciya

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin gonar da ta mutu, ko rumbun da ya ƙare kafin bazara, ko hisabin da zai biyo baya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Haka kuma ba ruwansa idan mai ya yanke maka a Dogon Daji, dattijon da ke zuba maka ya gane ka, ya gaishe ka har da rusunawa. Ba zai tambaye ka yaushe za a dawo da bijimansa ba, ba a yi masa wannan tarbiyyar ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ranka shi daɗe, in ka tahi wajensu, ka hwaɗa ma masu tsaro, babban nan ba shi shan ruwa sai an yi mai hito da baki."

Ka ce za ka faɗa. Ni haka na ce, na tayar da mota.