Kular Maman Joy a Rafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mai da kular abincin matata na'urar hasashen yanayi ba.

Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Kagoro. Muka zo darasin na'urorin da ake saki a teku, ruwa ya yi ta yawo da su suna auna zafinsa da nauyin iska, suna aika wa tauraron ɗan'adam. Na bayyana wa yara cewa tsakiyar teku babu tashar awo, da saƙon na'urorin nan masana ke gyara hasashensu, kuma iskar da ke kawo wa cittarmu ruwa daga can take tasowa. Ba su gane ba. Babu wanda ya taɓa ganin teku (ni ma a talabijin na gan shi).

Sai wata dabara ta faɗo mini. Washegari na sulale da kular Maman Joy, matata, wadda zumuntar matan cocinmu ta ba ta kyauta, ga sunanta ɓaro-ɓaro da jan fenti. Ko da Kirsimeti sai ta yi shawara kafin ta fito da ita. Na ɗaura mata ma'aunin zafi, na sa igiya, muka gangara rafi.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai ka ce na teku ba su da igiya."

Kai, girman kai bai yi ba! Na kwance igiyar, wai zan tare kular a gaba. Damina ce, rafi ya cika. Na bi ta a guje, na zame, na tashi da taɓo har kunne, kula ta yi gaba abinta.

A gida aka shiga neman kula. Har ƙarƙashin gado na taya Maman Joy dubawa.

Ran Lahadi a coci, mai sanarwa ya ɗaga kular sama, ya ce wani manomi ne ya tsince ta a fadama da wani abu ɗaure a gindi. Kafin ya rufe baki, ɗalibaina da ke cikin mawaƙa suka haɗa murya: "Na'urar Malam ce!" Coci ta kwashe da dariya, har fasto. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maman Joy ta juyo a hankali ta ce, "Baban Joy, ashe ƙarƙashin gadon namu har fadama ya kai?"

Yanzu da alli nake zana teku a allo. Na kuma gane cewa masanan da ke sakin na'ura a ruwa, tasu suke saki, ba ta matansu ba.