Rasuwar F10, Maɓallin Adanawa na Ofishin Jirgin Fito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai huce ba, Borghild Nesheim, mai rubuta jerin motoci a ofishin jirgin fito na tsibirinmu, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinta, maɓallin F10. Rai ya yi halinsa ranar Juma'a da tsakar rana, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Marigayin ba mai hayaniya ba ne. A layin sama na kibod yake zaune, har lambarsa ta goge don yawan taɓawa. In Borghild ta rubuta suna da lambar mota a baƙin allon nan mai koren rubutu, sai ta dangwale shi da yatsa, ya ce ƙwas, kwamfuta ta amsa da ɗit, shi ke nan mota ta samu gurbi. Kowa a nan ya san gurbi ba abin wasa ba ne: jirgin mota goma sha biyu yake ɗauka, in hunturu ya shigo kuwa Litinin da Alhamis kawai yake ƙetarowa. Amma daga motar madara har ta likitan dabbobi, ba a taɓa barin wanda aka rubuta a gaɓa ba. Yarda ta kai yarda, har Borghild ta daina duban allo. Ta danna, ta juya ga kofinta.

Ciwon ajali daga babban ofishi ya zo. Wata Litinin masu ilimi a can suka tashi da himmar sabunta kwamfutoci, ba wanda ya roƙe su. Tsohuwar manhajar rubuta motoci ba su taɓa ta ba. Tagar da ake shiga manhajar ta cikinta, ita suka sake. Sabuwar taga kuwa ta zo da haɗama, ta ƙwace F10 ta mai da shi ɗan aikenta: in an danna shi, sai ya buɗe wani jerin zaɓi can sama, saƙon adanawa bai isa ko'ina ba. Ƙwas yana nan, ɗit ya ɓace. Kwana uku Borghild tana rubuta mutane a iska ba ta sani ba, sai ranar Alhamis Kjell, matuƙin jirgin, ya bugo daga ɗaya gaɓar.

"Borghild, mota sha tara ce a gabana, duka sun ce ke kika rubuta su. A kaina zan ɗora bakwai?"

Ranar ta sha kunyar da ba ta taɓa sha ba. Ta kira babban ofishi, wata Tuva ta ɗauka, ta ɗan ƙwanƙwasa nata kibod ta ce, "A nawa dai lafiya lau yake aiki." A naki! To, a naki ake lodin jirgi? Sai kuma Tuva ta ƙara gishiri a ciwo: in ba a gyara ba zuwa Juma'ar mako mai zuwa, za a rufe tsohuwar manhajar gaba ɗaya, a koma sabuwa mai linzamin kwamfuta. Borghild, da saura mata wata biyar ta yi ritaya, ta sha rantsuwa cewa ba za ta koma 'yar koyo a teburin da ta tsufa a kai ba.

An yi iya ƙoƙari wajen jinya. An kashe an kunna. An busa ƙura. An gano wata hanya ta wahala: a danna Esc sannan sifiri, sai a samu ɗit ɗin. Borghild ta rubuta haka a 'yar takarda ta manna a goshin allo, tana bi kamar mai shan magani mai ɗaci. Likita ɗaya ya rage, Oddvar, tsohon da ya kafa manhajar da hannunsa, mazaunin ɗaya gaɓar, wanda yanzu ciwon ƙugu ya hana shi zuwa ko'ina sai a motarsa. Sun gwada ta waya, abin ya gagara, don maɓallan kibiya su ma sun kamu, duk inda aka danna sai su zubo A da B.

"Ajiye wayar nan kafin ki ƙarasa shi," in ji Oddvar. "Aikin minti biyar ne in ina wurin. Akwai gurbi?"

"Litinin ta cika. Saura ɗaya ranar Alhamis."

"Rubuta ni. Ki toya waina, ki tanadi jan cuku, ba na aikin kyauta."

Ta rubuta sunansa tana murmushi, karo na farko cikin mako. Ta danna, ta juya ga kofinta.

Washegari ta ga gurbi ɗaya a buɗe ranar Alhamis. Ta ɗauka wani ne ya fasa, ta ba mai kawo abincin tumaki, da Esc da sifiri, ta duba allo ta tabbatar ya zauna daram.

Ranar Alhamis ta tsaya a gaɓa cikin iska da kwanon waina a rufe da tawul. Ta ƙirga motoci suna fitowa har sha biyu, babu ta Oddvar. Wayarta ta yi ƙara.

"Borghild, ga ni a ɗaya gaɓar. Kjell ya ce ba sunana. Me kika danna?"

Ta dubi yatsanta.

"Shi kika danna, ko?"

Shi ta danna. Yatsan da ya shekara ashirin da shida yana bin hanya ɗaya ba ya karanta takardar da aka manna a allo. Juma'a da ƙarfe sha biyu babban ofishi ya cika alkawari, wanda ba halinsu ba ne, suka rufe manhajar.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne biyu, F11 da F12, waɗanda ba a taɓa sanin sana'arsu ba, da yayansa F1, wanda tun sabuntawar ba ya komai sai buɗo shafin taimako da ba ya taimako. Ya bar maɓallin gogewa, wanda ke kwance rai a hannun Allah, don in an ce ya goge harafi ɗaya sai ya ƙaro biyu. Ya kuma bar Borghild, wadda take roƙon masu ta'aziyya da su daina ce mata ba laifinta ba ne. Ta san rabonta a ciki, ta kuma san na masu sabuntawa, kuma nasu ya fi yawa.

Za a yi jana'iza ranar Litinin a ofishin jirgin fito, bayan isowar jirgi, don Oddvar ya samu halarta. Da linzami aka rubuta shi, Borghild ta duba allo sau uku, ta kuma kira Kjell ya karanto mata sunan. Za a ɓanɓare marigayin da wuƙar man shanu, a sa shi a gwangwanin kofi, a kai shi makwancinsa a aljihun tebur na ƙasa. Akwai kofi da waina. Ba a buƙatar furanni. Wakilan babban ofishi su yi zamansu, an yafe musu zuwa, duk wanda kuma aka ji ya ce a nasa lafiya lau yake aiki, ƙofa tana buɗe.

Ramin da zai bari a kibod ba za a toshe shi ba. Duk sunan da Borghild ta rubuta, yatsanta can yake fara zuwa.