Layi na Uku a Yantala

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Laminu ya miƙo mini mikoro a bikin ƙanwar matata, a unguwar Yantala.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Ni da Laminu tare muka zo babban birni daga Maradi, tare muka fara waƙar rap a fadarmu ta samari a unguwar Boukoki. Na fi shi zafin baki, kowa ya sani. Daga baya na kama tuƙin taksi, shi ya ci gaba. Yau shekara goma sha biyar ana jin sa, har tsofaffi na bin waƙarsa da Hausa da Zabarmanci.

Abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda na ɗauka ya yabe shi, sai na jera masa laifuffukansa. Na ɗaya, ya bar zagi don iyaye mata su so shi. Na biyu, ba ya ƙin gayyata, ko ta suna ce. Na uku, kullum da safe yana gudu a bakin kogi kamar soja (wannan ya fi ba ni dariya). In rufe da cewa da ban bari ba, da ni ake ji. Matata ta sha jin haka har ta yarda, ta kai wa danginta.

Ranar bikin, bayan la'asar, Laminu na cikin waƙa ya hango ni. Ya yi murna ta gaskiya (wannan ma ya ba ni haushi), ya tsayar da kiɗa.

"Jama'a, ga wanda ya koya mini. Taso, ɗan'uwa, ka yi mana baitinka na da."

Matata ta rangaɗa guɗa. Na hau dandamali da babbar rigata, kalmomin duk suna kaina a jere. Layi na farko ya fita. Na biyu ya fita. A na uku numfashi ya ƙare. Na buɗe baki, tari ne ya fito ta lasifika, kiɗa ya wuce ya bar ni. Laminu ya dafa kafaɗata ya ƙarasa baitin, yana tsalle, bai manta kalma ɗaya ba. Surukata ta taso da kanta ta kawo mini ruwa a gaban kowa.

A mota, muna shiga unguwarmu ta Bobiel, matata ta juyo ta dube ni.

"Layi biyun sun yi daɗi, Baban Aisha."

Abin da na koya ɗaya ne: ita hassada ba ta buƙatar numfashi, shi ya sa ita kaɗai ta rage mini. Har yanzu tana nan, amma a zaune nake yin ta.