Ranar da Na Ƙara wa Bindigar Bappa Albarushi

Ko tsufa ya kwashe min komai a kai, ba zan taɓa mantawa da bikin yayar Asta a Digil ba. Yanzu ma da nake ba ku labarin sai da kafaɗata ta dama ta motsa.

Ni tela ne a Sabon Layi, iyakar sanina almakashi da keken ɗinki. A lokacin ina neman auren Asta, babanta kuwa, Bappa Hamman, tsohon maharbi ne, ba ya ganin saurayi da gashi sai in ya san bindiga. Ranar da na je gaishe shi na hango wata doguwar bindigar gargajiya a jingine, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Ai Baba, ni ma kakana maharbi ne, a hannunsa na tashi."

(Kakana goro yake sayarwa a tasha. Ko ɓera bai taɓa kashewa ba, Allah ya jiƙansa.)

Bappa ya gyara zama. "Madalla! Ni kafaɗa ta gaji. Ran Asabar in za a fito da amarya, kai za ka harba mata."

A gidansu ba a fitar da amarya sai an harba bindigar nan sama, albarushi da tsumma kawai, babu harsashi. Ta mahaifin Bappa ce, ita ta raka duk 'yan matan gidan. Na ce, "An gama, Baba!" A zuciyata har na fara zaɓen shaddar angonci.

Ana gobe biki Bappa ya nuna min yadda ake ɗuri da sauri (shi a ganinsa tuni kawai yake min), ya miƙo min ɗan ƙahon da yake awon albarushi, ya wuce wajen yankan bijimi. Na sauka bakin mayo, wato rafin da ke bayan gonarsu, don gwaji. Asta ta biyo ni da ruwa a kwano.

Na auna yadda ya nuna, na harba. Tim! Kamar an kakkaɓe katifa. Haba, da wannan za a ji ni a Digil? Na sake ɗurawa, na yi mata ƙari mai kyau. Daram! Tsuntsaye suka watse, haƙorana suka haɗu, hayaƙi ya feso ta baya ya shige min hanci. Kunamar kuwa, ƙarfen nan da ke sauka ya tayar da wutar, sai ga ta ta koma baya da kanta. Wani daɗi ya kama ni, har rawa na taka a cikin yashi.

Asta ba ta yi dariya ba. Hamma take kirana, wato yaya. "Hamma, ka ga kunamar ta koma da kanta? Hayaƙin ma ta baya ya fito. Ya yi mata yawa. In Baba ya ga haka ragewa yake yi."

Na kashe mata ido. "Ke dai faɗi gaskiya, tsoro kike kar wani abu ya same ni."

"Tsoro nake kar wani abu ya sami bindigar."

(Na ɗauka kunyar Fulani ce. Har na ƙara sonta.)

Ni fa a nawa karatun, kunamar da ta koma baya cewa take a ƙaro. Kafaɗar da ta kumbura kuwa, da yamma sai da na buɗe wa Bulus, abokina mai shago kusa da nawa, ya gani, kamar wanda aka ba lambar yabo.

Ran Asabar na ci farar shadda, ɗinkin hannuna. Ƙofar gida ta cika maƙil, mata na guɗa, masu kiɗa na ta yi. Na zagaya bayan rumbu na zuba abin da na zuba jiya, sannan na ƙara na albarka. Da na zura sandar ɗuri sai ta ƙi shiga yadda ta saba, ta tsaya tsololo a waje. Wannan ma magana ce bindigar take min. Na danna ta da ƙarfi na fito ina taku ɗai-ɗai.

Aka fito da amarya. Bappa ya ɗaga min kai. Na nemi inda Asta take, na tabbatar tana kallo, na ɗaga baki sama, na ja.

Jama'a, ban ji ƙarar ba. Na dai ga sama, na ga takalmana a cikinta, sai kuma na ji ni zaune tsamo-tsamo cikin ƙatuwar robar zoɓon biki. Farar shadda ta koma ja. Mata suka ɗora hannu a ka, sun ɗauka jini ne, sai da wata tsohuwa ta dangwala ta sunsuna. Fuskata baƙi ƙirin, gira babu ko ɗaya. Bindigar na can gefe, ƙotarta ta tsage gida biyu.

Kunnuwana ba abin da suke ji sai wiii. Bulus ya zo ya ciro ni. Na jawo kunnensa na yi masa raɗa. Wato ni a zatona raɗa ce.

"Bulus, ka rufa min asiri! Kar baban Asta ya san jiya na fara taɓa bindiga! Kakana goro yake sayarwa!"

Ashe ihu nake, kuma masu kiɗa sun tsaya cak. Bulus ya ce har 'yan bakin hanya sun ji. Na ɗago na ga bakuna a wangale, mutane na riƙe ciki, amarya na jijjiga a cikin mayafi. Bappa kaɗai bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya tattara bindigar ubansa a hankali, ya shige gida. Nan dariyar ta fita daga raina. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma san na rasa Asta.

Na ɓuya a shago har gira ta fara tsirowa. Sai ga aike, Bappa na kira. Na je na zube, kaina a ƙasa.

"Maƙeri ya ce ba za ta sake tashi ba," in ji shi. "Asta ta ce ta gaya maka."

"Ta faɗa, Baba."

"Ka ji?"

"Ban ji ba, Baba."

Sai ya ce, "To zan ba ka ita. Ba don ka burge ni ba. Mutum irinka in ba a haɗa shi da mai ce masa ya isa ba, wata rana gari zai tasa."

Haka aka yi. Asta ce amarya ta farko da ta fita daga gidan nan shiru, babu harbi, kuma kowa a wurin ya san dalili. Da ta zo bakin ƙofa ta waiga inda bindigar ke rataye, ɗaure da waya, idonta ya ciko. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Tun daga ranar, in ta ce "Hamma, ya isa," ko sukari nake zubawa a shayi, cokalin a sama yake tsayawa.