Ranar da na ɗaga kanal biyu da biro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranin da Bitrus ya dawo Kura da jakar littattafai, ni kuma ina bakin tasha a kan achaɓa ina jiran fasinja. Bitrus ɗan wani makaniki ne mutumin Jos da ya daɗe a garinmu. Benci ɗaya muka zauna har aji uku na sakandare, kuma wallahi lissafi a takardata yake leƙa. Ni na gaji da zaman aji na fice (sai da na gwada teburin shayi, na gwada dakon tumatir, kafin babur), shi ya wuce jami'a yana karatun injiniya.

Aikinsa na shekarar ƙarshe ne ya kawo shi, kuma a gonar Babana zai yi. Gonar tana tsakanin kanal biyu, manyan hanyoyin ruwan noman rani, ta wajen Bunkure. Ruwa yana tasowa ta ƙarƙashin ƙasa yana ruɓar da saiwar tumatir, Baba yana so ya haƙa magudana amma bai san inda ruwan ya fi taruwa ba.

Bitrus ya kafa turaku goma sha biyu a jere, daga wannan kanal zuwa wancan. Ya ce min, "Mutumina, tsayin ruwa a bakin kanal biyun nan mun sani, mun auna. Tsakiyar ce ba mu sani ba. Sai mu fara da cinke, mu ba kowane turke lambar tsayin ruwan da ke ƙarƙashinsa. Kowane turke ka haɗa lambar maƙwabcinsa na dama da na hagu, ka raba biyu, ka ƙara ɗan wannan adadin na ban-ruwan da ake yi wa gonar. Ka gama layi ka sake daga farko, har lambobin su daina motsi."

Na ce, "Shi ke nan? Wannan kuke yi a jami'ar?"

Ya ce, "Asalinsa differential equation ne, amma ba ya warwaruwa da hannu haka kawai, shi ya sa ake bin sa turke-turke." Sunan ya zauna min a baki kamar alewa. Ina tuƙi ina maimaita shi.

Gaskiyar magana, tun da na ga takardar lissafin da ke hannunsa makaranta ta dawo min a rai. Ƙamshin sabon littafi nake tunawa, da yadda malamin lissafi yake cewa in fito allo in nuna musu. Sau biyu na yi wa Baba maganar komawa makaranta, sai ya ce, "Kai da ba ka zama wuri ɗaya ko na wata uku?" Da na ji malamin Bitrus, wani Dakta, zai zo duba aikin, sai na ƙulla a raina: in Dakta ya ga lissafina ya ce wa Baba yaron nan yana da kai, magana ta ƙare.

Na ce wa Bitrus ya bar min takardar da kalkuleta, ya je ya gaida mamarsa. Na jingine babur ƙarƙashin mangwaro tun safe.

A nan na ga layi uku da ya yi, duk bai taɓa turken farko da na ƙarshe ba. Lambobinsu na nan yadda suke. Na yi dariya na ce ka ji ɗan boko. Mu da muka tashi muna baje fangalin shinkafa, wa ya taɓa daidaita tsakiya ya bar gefe? Ai Baba sai ya maido ka. Sai na gyara masa: su ma na haɗa su da maƙwabcinsu, na ƙara musu nasu na ban-ruwa.

Lambobi suka ƙi tsayawa. Kowane layi sai su ƙara hawa. Ni kuwa murna nake, na ɗauka yawan layi shi ne yawan ilimi. Na cika takarda, na juya bayanta, na ƙarasa a kwalin sukari. Har fasinjoji biyu na kora.

Washegari da hantsi Dakta ya iso, ga Baba, ga manoma kusan goma da suka ji an zo auna ruwa. Kafin Bitrus ya buɗe baki na miƙe (na sa farar shaddata ta sallah, cikin gona), na ce, "Ranka ya daɗe, na kammala differential equation ɗin."

Dakta ya ce in karanta turke na shida. Na karanta da ƙarfi. Bitrus ya dafe kai.

Dakta ya ce, "Wato a nan ruwa ya wuce saman ƙasa da kamu huɗu."

Baba ya dubi busasshiyar ƙasar da yake tsaye a kai, ya dube ni. "Kai, yanzu a cikin ruwa muke?"

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Wataƙila mai zuwa ne, Baba."

Malam Ado maƙwabcin gonarmu ya tattare rigarsa sama ya ce, "Jama'a a kawo kwalekwale, ni ban iya iyo ba!" Wurin ya kece da dariya.

Dakta bai yi dariya ba. Ya bi takarduna har kwalin sukarin, ya daɗe. Sai ya ce, "Haɗawa da rabawa babu kuskure ko ɗaya, layi arba'in. Amma samari, wa ya ba ka izinin ɗaga kanal? Lambobin gefen nan biyu su ne gaskiyar da muke da ita, su ke riƙe sauran. Wace makaranta kake?"

Wannan ce tambayar da na yi kwanaki ina jira. Amma Baba ne ya amsa, a hankali: "Ba ya yi, Dakta. Achaɓa yake."

Dakta ya ce, "Kash." Ya miƙo min kwalina, suka juya kan aikinsu. Bitrus ya maido lambobin gefe, kafin azahar lissafi ya tsaya, aka nuna wa Baba inda zai haƙa. Maganar makaranta ban sake samun fuskar tayar da ita ba.

Har yau in mota ta bi da ni ta ƙofar jami'a sai na leƙa ta taga. Abin da na koya dai shi ne, in ka ga mai ilimi ya bar abu bai taɓa ba, ka tambaye shi dalili tukuna. Kuma ka tambaya kafin ka sa farar shadda.