Yadda Ake Riƙe Kwamitin Gada Shekara Huɗu Ba a Aza Ko Bulo Ɗaya Ba

Ɗan'uwa, idan an naɗa ka sakataren kwamitin haɗin gwiwa tsakanin unguwarku da ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku, to ka faɗo gidan magani. Ni Safiyanu, shekara talatin da biyar na yi ina juya fayil a aikin gwamnati kafin na yi ritaya na gina ɗan gidana a Tumfure, kuma ni na riƙe biron kwamitin unguwarmu da Wuro Babayo shekara huɗu cur. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci kwamitinka zai yi tsawon rai, za a riƙa kiranka Sakatare har a wurin suna, aikin da aka kafa ku dominsa kuma zai zauna lafiya inda kuka same shi. Sau ɗaya tak na yi kuskure, shi ma zan nuna maka don ka kauce.

Mataki na 1: Samo matsalar da babu mai musunta

Kwamitin da aka kafa kan abin gardama, wata biyu yake watsewa. Kai nemi abin da kowa ya yarda ciwo ne.

Mu namu kwari ne. Zaizayar ƙasa ta yanka rami tsakaninmu da Wuro Babayo, zurfinsa ya kai tsayin mutum uku. Da rani a gangara a haura. Da damina sai an zagaya ta titin kwalta, tafiyar awa biyu. Firamare da ƙaramin asibiti suna hayinmu. Maƙabarta tana hayinsu, domin mu 'yan sababbin gidaje mun sayi filin kwana mun manta da filin kwanciya, su suka yanka mana.

Ƙaramar hukuma ta ce siminti da rodi suna nan a ajiye. Abin da take jira kawai takarda guda mai hannun ɓangarorin biyu, a ce ga inda za a kafa gadar. Marar horo zai gama wannan a hantsi ɗaya. Kai ka fi ƙarfin haka.

Mataki na 2: Yi shugaba biyu

Masu iya magana sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Masu iya magana ba su taɓa yin sakatare ba.

Mu mun ba da Alhaji Zulkifilu, tsohon darakta, mai gidan benen nan na bakin kwari. Su suka ba da mai garinsu, Jauro Bamanga, dattijo siriri mai sanda, wanda maganarsa ɗaiɗai take fita. Alhaji yana son gadar can sama, nesa da gidansa, don kada shanu su riƙa bi ta gaban get ɗinsa suna bar masa tsaraba. Jauro yana son ta ƙasa, saitin gidan Alhaji, don in an yi ta sama za ta sauka daidai rijiyar da matan ƙauye suke wanki, 'yan keke su mayar da wurin tasha.

Babu wanda ya taɓa faɗin haka a taro. Alhaji ya ce, "Maslahar al'umma muke dubawa." Jauro ya ce, "To, Allah ya zaɓa mana." Aikinka shi ne kada ka bari ɗayansu ya furta ainihin dalilinsa. Dalilin da aka faɗa a fili ana iya samo masa magani.

Mataki na 3: Raba wurin taro, ka bar su su yi gasar karamci

Wata guda a garejin Alhaji kan fararen kujerun roba, wata guda a gindin ɗurumin ƙofar Jauro kan tabarma. Alhaji ya kawo lemo da cincin. Jauro ya mayar da fura da kindirmo mai sanyin randa. Alhaji ya ƙara da dambun nama. Jauro ya sa aka yanka zabi.

Kada ka tsoma baki. Cikin da ya cika ba ya yanke shawara, addu'a yake yi wa mai gida.

Mataki na 4: Harshe uku

Rubuta bayanin taro da Turanci, domin ƙaramar hukuma. Karanta shi da Hausa, domin jama'a. Sa a fassara shi da Fillanci, domin girmamawa, ko da kuwa Jauro ya fi ka Hausa, kamar yadda namu ya fi ni.

Kafin nan akwai gaisuwa. A gaida shugabanni, a tambayi iyali, a tambayi shanu, a tambayi ƙafar Alhaji. Sai ka karanta bayanin taron baya a tsanake ka ce, "Akwai gyara?" Kullum akwai. Mun taɓa cinye taro sukutum muna tantance ko "to" ɗin da Jauro ya faɗa a watan jiya amincewa ce ko jin magana ce. Da aka tambaye shi, ya ce, "To."

In ka iya lissafinka, kana buɗe baki za ka ce "batun gada", ladan zai kira la'asar.

Mataki na 5: Idan mai hankali ya shigo, ba shi muƙami

Wannan shi ne babban haɗari, kuma yakan zo ba sanarwa.

A shekara ta biyu Nehemiah ya shigo mana. Birkila ne daga Herwagana, shi ya gina rabin gidajen unguwarmu, har da nawa. Ya tsaya a bakin garejin da hularsa a hannu ya ce, "Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri. Na shiga kwarin nan na duba. Sama yashi ne, ƙasa yashi ne. Tsakiya, wajen tsamiyar nan, akwai dutse. In kun ba ni wurin, wata uku na gama."

Na ga Jauro yana gyaɗa kai, na ga Alhaji ya cire tabarau. Nan take na miƙe na yaba masa, na ba da shawara a naɗa shi shugaban ƙaramin kwamitin binciken dutse, ya kawo rahoto a rubuce, kwafi shida. Aka tafa. Mutumin da hannunsa ya saba da cebur, ka ba shi biro, ka ɗaure shi shekara guda.

Inna Fanta ta fi wuya. Ita ce babbar masu kawo nono unguwarmu, ba memba ba ce, ba ta kuma neman izinin magana. Ta sauke ƙwarya a tsakiyar taro ta ce wa Jauro, "Bappa, jikokina biyu an maimaita musu aji, don duk damina a gida suke. Nono kuma kafin in zagayo ya yi tsami." Ta juyo kanmu. "Ku kuma ran nan awa biyu kuka yi da gawar Malam Misbahu a bayan mota kuna zagaye. Me kuke rubutawa a littafin nan?"

Ka amsa da ladabi: "Inna, an rubuta." Ka rubuta a gabanta. Ka sayi nonon.

Mataki na 6: Kada ka sa taro a hayin ƙauye cikin watan Agusta

A nan na faɗi.

Shekara uku ina ɗage taron Agusta da sunan aikin gona. A ta huɗu na yi sakaci. Ranar Asabar ce, gari garau. Muka gangara kwarin mu shida, Alhaji yana riƙe da gefen babbar rigarsa. Mun gama gaisuwa ke nan, ina shirin karanta bayanin baya, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Aka tafka ruwa awa uku. Da muka fito daga zauren Jauro, kwarin ya cika ya batse, jan ruwa yana gudu da itatuwa. Wani ya zo da labarin hanyar zagayen ma ruwa ya shanye ta.

Da farko raha ake yi. Can bayan la'asar na lura Alhaji ya daina magana. Ya jingina da bango, idonsa ya kaɗa, yana dafe ƙeya. Yana da hawan jini, ƙwayarsa kuma tana gida, ta safe ma bai sha ba don saurin fitowa.

Jauro ya dube shi ya ce, "Alhaji, me ke damunka? Faɗa min gaskiya, nan ba taro ba ne."

Alhaji ya faɗa masa.

Na kira Hajiya Zulaihatu, matar Alhaji, a waya. Kafin mu isa bakin kwari tana can hayi da lema, Nehemiah na gefenta, rabin unguwa na bayansu. Nehemiah ya ƙulla ƙwayoyin a leda da dutse ya wurgo. Suka faɗa tsakiyar ruwa, muna kallo suka wuce. Hajiya ta ɗaga wata ledar ta yi kira, "Saura kati ɗaya! Babu wani!"

Jauro ya matso bakin ruwan. Ya tube rigarsa ta sama ya ba ni, ya sa aka kawo doguwar igiyar da suke kama bijimi. Ya ɗaura guntun ƙarfe a bakinta. Tsohon nan da nake ganin iska za ta iya ɗauka, ya ja baya, ya juya igiyar bisa kansa sau uku ya saki. Ta faɗi a ruwa. Ya jawo ta a hankali, ya matsa wajen tsamiya inda kwarin ya fi ƙunci, ya taka dutsen nan ya sake wurgawa. Nehemiah ya cafke. Suka ɗaure ledar tam, Jauro ya jawo ta tana lilo bisa ruwa, har ta shigo hannunsa.

Alhaji ya sha, aka zaunar da shi kan dutsen. Sai muryar Hajiya ta ƙetaro, ruwan ma bai danne ta ba: "Alhaji! Shekara huɗu kuna shan fura! In ka dawo ba takardar nan, ka koma can ka tare!"

Hayin biyu suka kwashe da dariya. Alhaji ma ya murmusa. Ni ban yi dariya ba. Ina riƙe da rigar Jauro, ina tuna sau nawa na ce "a ɗage zuwa zama na gaba", ina kallon ledar da ba komai a cikinta.

Mataki na 7: Kada ka bar shugabannin su kaɗaice

A ƙauyen muka kwana. Da safe na fito alwala na tarar da su biyu a kan tabarma guda, ƙwaryar fura a tsakaninsu. Babu fassara, babu bayanin baya.

Na ji Alhaji yana cewa, "Jauro, ni fa kashin shanu ne. Get ɗin nan daga Kano na sa aka kawo shi."

Jauro ya yi dariya har da tari. "Ni kuma rijiya. Matan nan in 'yan keke suka tare musu wurin wanki, ba zan ƙara cin tuwo da miya ba."

"To wajen tsamiyar fa?"

"Dutse ne. Jiya na taka shi."

Alhaji ya hango ni. "Sakatare, kawo takarda."

Na ce littafina ya jiƙe, kuma a ƙa'ida sai an karanta bayanin baya. Inna Fanta, da ta zo ɗaukar ƙwaryarta, ta leƙa cikin gida ta yago tsakiyar littafin jikarta ta miƙo min. Layi uku na rubuta. Alhaji ya sa hannu, Jauro ya rubuta sunansa da ajami. Aikin shekara huɗu ya ƙare kafin furar ta ƙare.

Mataki na 8: Idan abin ya faru, tsaya a gaba a hoto

Bayan damina aka kawo siminti. Nehemiah ya ce wata uku, ya yi wata uku da sati ɗaya, ya zo yana ba da haƙurin satin. Ranar buɗewa na sa farar shaddata na tsaya kusa da kansila. Wanda duk ya tambaye ka, ka ce tuntuɓa ce ta shekara huɗu ta haifi wannan. Ba ƙarya ka yi ba gaba ɗaya.

Sati biyu bayan nan aka rushe kwamitin. Yanzu a unguwa Malam Safiyanu ake kirana, kamar kowa.

Kullum bayan la'asar Alhaji yana ƙetarawa da ƙafa, wai likita ya ce ya riƙa tafiya. A gindin ɗurumi yake ƙarewa, shi da Jauro suna musu kan taki da siyasa da ko wace ƙabila ce ta fara zama a wurin. Ran nan Jauro ya aiko a ce min in riƙa zuwa, akwai wuri a tabarma, amma in bar biro a gida. Na yi fushi kwana biyu. A na uku na je.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Idan ka bi matakan ka yi nasara, ya zamana yaran ƙauye sun maimaita aji ko an zagaya da gawa, kai da Allahnka, kada ka ambaci sunana. Idan kuma ka bi su ruwa ya tare ka, shugabanninka suka shirya a bayan idonka, ka wayi gari da gada ba muƙami, kada ka zo min gida da ƙorafi. Ba na nan da yamma. Ina hayi.